Jininmu ma yana da abin faɗa

Shekara 11 ke nan ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje a nan Jos, kuma babu abin da idona ya saba da shi kamar launin ruwan jini. Idan aka ɗebi jini aka sa kwalbar cikin injin da ke wulwula ta na minti goma, jajayen ƙwayoyi sukan kwanta a ƙasa, ruwan ya taso sama garau kamar man gyaɗa. Haka ake so ya fito. Amma jinin da aka kawo daga nesa, wanda ya sha girgiza a mota tun daga Mangu ko Bokkos, cikin kular da ƙanƙararta ta narke a hanya, sau da yawa ruwansa kan fito ja-ja kamar zoɓon da aka cika wa ruwa. Ƙwayoyin sun fashe ke nan, abin da ke cikinsu ya tsiyaye. A riƙe wannan launi a zuci, domin rabin maganata a kansa take.

Ɗaya rabin kuwa na kawuna ne, ƙanen mahaifiyata, dillalin dankalin Turawa a kasuwar Farin Gada. Yana da shekara 44 ya fara ramewa, idonsa ya yi rawaya. Aka ce shawara ce, aka shiga jiƙe-jiƙe da sassaƙe. Sai da ciki ya kumbura har riga ta daina shigarsa sannan aka kai shi asibiti, hoton ciki ya nuna ƙari ya cinye fiye da rabin hanta. Ranar ce kuma aka fara sanin yana ɗauke da ciwon hanta nau'in B, mai yiwuwa tun yana goye. Ina zaune a bakin gadonsa ya dube ni ya ce, "'Yata, ke da kike aikin jini, ashe jinin nan nawa bai taɓa gaya muku komai ba?" Na ce, "Kawu, da an tambaye shi da ya faɗa." Bai cika wata uku ba ya rasu. Allah Ya jiƙansa da rahama.

Tun daga lokacin nake bibiyar wani fanni na bincike da Hausawa ba su cika jin labarinsa ba, kuma ina ganin lokaci ya yi da za mu sa baki a ciki. Fannin shi ne karanta RNA ɗin da ke yawo cikin jini, fitsari, yawu, nono da ruwan laka, a waje da ƙwayoyin jiki, domin a gane cuta tun ba ta nuna kanta ba.

Kowa ya ji sunan DNA, ko don rigimar tantance uba. DNA kamar kundi ne da ke ajiye a gafaka: duk abin da jiki zai iya yi yana rubuce a ciki, kuma kusan kundi ɗaya ne a hanta da ƙashi da ƙwaƙwalwa. RNA kuwa kamar allo ne. Ƙwayar jiki takan kwafo darasin da take bukata yau a kan allo, ta yi aiki da shi, ta wanke, gobe ta rubuta wani. Saboda haka wanda ya ga kundi ya san abin da zai iya faruwa, wanda ya ga allo kuwa ya san abin da ake ciki yanzu. Hantar da ke fama da ƙwayar cuta allonta daban, mahaifar da ta fara samun matsala allonta daban, ƙwayar da ta rikiɗe ta zama kansa allonta daban. Abin da ya ba masana mamaki shi ne gutsattsarin waɗannan alluna ba sa tsayawa a cikin ƙwayoyin, suna fitowa su bi jini.

An daɗe ana ganin hakan ba zai yiwu ba. Tun 1948 wasu Faransawa biyu, Mandel da Métais, suka ba da rahoton ganin irin waɗannan sinadarai a ruwan jinin mutane, aka yi ko oho da su. Dalili kuwa jini cike yake da sinadaran da ke daddatsa RNA nan take, to ta yaya zai rayu? A 1993 Victor Ambros da abokan aikinsa, da kuma Gary Ruvkun, suka gano wani ɗan mitsitsin RNA a jikin wata tsutsa, mai haruffa kusan 22 kacal, wanda aikinsa shi ne rage wa wasu alluna murya. Shi ake kira maikro-RNA, kuma a kansa aka ba mutanen biyu kyautar Nobel a 2024. A 2007 masu bincike a Gotenbag ta ƙasar Suwidin suka nuna cewa ƙwayoyin jiki na ƙunshe RNA cikin wasu 'yan jakunkuna na kitse, su aika wa 'yan'uwansu, kamar yadda ake ƙulle saƙo a leda a ba direba don kada ruwa ya taɓa shi. A 2008 wata tawaga a Siyatil ta Amurka ta nuna cewa maikro-RNA na zaune daram a ruwan jini, ko an bar shi a ɗaki, ko an daskarar da shi an narkar sau da dama. Daga baya aka gane cewa ba duka ne ke cikin jaka ba, wasu sun maƙale ne a jikin furotin da ke kare su. A 2013 cibiyar binciken lafiya ta Amurka ta ware kuɗi ta kafa gamayyar masana musamman don wannan fanni.

Akwai wuraren da abin ya fara nuna. A 2012 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da gwajin fitsari da ke auna wani RNA mai suna PCA3, domin taimaka wa likita ya yanke shawara ko a sake yanko tsoka daga ƙululun nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji ko a ƙyale. Duk wanda ya taɓa ganin dattijo na jiran a soka masa allurar yankan tsoka ta dubura ya san darajar gwajin da zai ce ba sai an yi ba. A kansar maraina, wani maikro-RNA mai lamba 371a ya fi tsofaffin gwaje-gwajen jini gano cutar, a binciken da likitocin Jamus suka jagoranta. Wanda ya fi taɓa ni shi ne na masu juna biyu. A 2022 ɗakin binciken Stephen Quake na Jami'ar Stanford ya wallafa cewa RNA ɗin da ke jinin mace tsakanin mako na 5 da na 16 na ciki yana iya nuna wadda hawan jinin ciki zai kama, watanni kafin ƙafa ta kumbura. Mu da muka san jijjiga, muka ga yarinya 'yar shekara 17 an shigo da ita a sume da cokali a bakinta, ba sai an yi mana bayanin amfanin wannan ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suka mutu wajen ciki da haihuwa a duniya 'yan Najeriya ne. Kuma an san cewa ƙaramin asfirin, in aka fara shi kafin mako na 16, yana rage haɗarin ga wadda aka gane tana cikinsa. Maganin mai araha ne, gane wadda za a ba tun da wuri shi ne wuyar.

To amma gaskiya ɗaya ce, daga ƙinta sai ɓata: mafi yawan abin da aka wallafa a wannan fanni bai kai ga gadon majiyyaci ba. An rubuta dubban takardu, wannan ya ce RNA kaza ya hau a kansar nono, wancan ya gwada ya ce sauka ya yi. Ɗauki na hanta, wanda ya fi damuna. Akwai maikro-RNA mai lamba 122 da kusan hanta kaɗai ke yinsa, kuma shi ne mafi yawa a cikinta. In hanta ta ji rauni yakan malalo cikin jini da wuri, har an nuna yana riga gwajin da muka saba yi tashi a wanda ya sha farasitamol fiye da kima. Sai dai yana tashi a mai kumburin hanta, yana tashi a wanda guba ta taɓa, yana iya tashi a mai ƙari. Yana cewa hanta na kuka, amma ba ya faɗin abin da ya sa ta kuka. Da kawuna ya yi shi, da ba lalle ya bambance masa kansa da ciwon hantar da ya daɗe da shi ba. Shi ya sa ake neman haɗa alamu da yawa wuri guda, kuma wannan aiki bai ƙare ba.

A nan zoɓon nan ya shigo. Jajayen ƙwayoyin jini maƙare suke da nasu maikro-RNA, musamman masu lamba 451 da 16. In suka fashe, ko kaɗan ne wanda ido ba zai gani ba, sai su zubar da kayansu cikin ruwan, lissafi ya rikice. An gano cewa da yawa daga cikin abin da aka yi ta shela a matsayin alamar kansa, asalinsa daga ƙwayoyin jini ya fito. A Turai wannan matsalar hannu ce: a gyara yadda ake ɗiba, a daina jan sirinji da ƙarfi, a wulwula jini cikin awa biyu, a guji kwalba mai koren murfi don sinadarin hefarin da ke cikinta na hana injin karatu. A wurinmu kuwa matsalar ta wuce hannu, tana cikin jijiya. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila, ana ƙiyasta jarirai kusan 150,000 ake haifa da ita duk shekara, kuma jininsu kullum cikin fashewa yake. Mu ne kuma kan gaba a zazzaɓin cizon sauro, cutar da sana'arta ke nan, ta shiga jar ƙwaya ta fasa ta. Ga ciwon hanta nau'in B, wanda binciken ƙasa na 2018 ya samu a kashi 8.1 cikin 100 na manya. Ga gubar fumfuna a masara da gyaɗar da ba ta bushe sosai ba, wadda ke cin hanta a hankali. Mizanin da aka ɗora a kan jinin matan Kalifoniya ko dattawan Jamus, waɗanda ba su taɓa yin masassarar damina ba, da wace hujja za a ce zai auna jinin mai ciki a Angwan Rogo daidai? Ƙididdigar da aka yi a 2016 ta nuna cewa kusan kashi 80 cikin 100 na mutanen da aka yi manyan binciken ƙwayoyin gado a kansu 'yan asalin Turai ne, masu asalin Afirka kuwa ba su wuce kashi 3 ba. Takalmi ne da aka ɗinka ba a auna ƙafarmu ba.

Saboda haka ra'ayina shi ne mu shiga wannan bincike tun yanzu, da jininmu, a ƙasarmu, da sharuɗɗanmu. Ba a fafe gora ranar tafiya. In muka jira sai an gama an sa a kwali an kawo mana da dala, za mu saya da tsada, sannan mu gano a jikin 'yan'uwanmu cewa yana yi mana ƙarya: ya ce wa mai sikila tana da kansa, ko ya ce wa mai ƙari lafiyarsa ƙalau.

Kada wani ya ce ba mu da hannun yi. Auna RNA a jini ba baƙon abu ba ne a Jos. Gwajin nan da ake yi wa masu ɗauke da HIV don a ga ko magani na aiki, ƙirga RNA ɗin ƙwayar cutar ne a ruwan jini, kuma an shafe shekaru ana yinsa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, wadda ke nan tun 1924, ta karɓi gwajin korona a 2020. Gwajin Lassa ma RNA ake nema. A Abuja akwai babban ɗakin gwaji na hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, a Gaduwa, akwai kuma ma'ajiyar samfura ta Cibiyar Nazarin Ƙwayoyin Cuta ta IHVN, wadda aka gina ƙarƙashin H3Africa, shirin binciken ƙwayoyin gado a Afirka. A Ede ta jihar Osun, ɗakin binciken Farfesa Christian Happi ne ya fara karanta cikakken tsarin ƙwayar korona a nahiyar Afirka. Injinan suna nan, yaran da suka iya sarrafa su suna nan, waɗanda ba su riga sun tafi Ingila ko Saudiyya ba. Abin da babu shi ne haƙurin tara samfuri. Irin wannan bincike ba ya son gaggawa. Sai an ɗauki mutum dubu masu ciwon hanta waɗanda ba su da ƙari, a riƙa ɗibar jininsu duk wata shida, a raba ruwan, a ajiye a firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifiri, a rubuta wane ne mai sikila, wane ne ya yi zazzaɓi a makon. Bayan shekara biyar ko goma, in ƙari ya fito wa wasu, sai a koma firiza a ɗauko jininsu na bara da na bara waccan, a tambaya: me ya canza a nan kafin hoto ya gani? Dukan aikin a kan firizar nan yake rataye, ita kuwa a kan wutar da ba ta ɗaukewa. Na taɓa shiga aiki da safe na tarar janareta ya mutu tun dare, ruwa na ɗiga daga ƙofar firiza, samfuran wata takwas na wani ɗalibi sun tashi a banza. Ya tsaya riƙe da akwatin yana kallo, hawaye na zuba, bai ce uffan ba.

Na san abin da za a ce mini, kuma abokan aikina ma sun faɗa. A ƙasar da ƙaramin asibitin ƙauye ba shi da na'urar awon hawan jini mai aiki, ko takardar tsoma wa fitsari, maganar RNA ba ta zama gina soro a kan rairayi ba? Wannan magana tana da nauyi kuma ban raina ta ba. Kawuna ba rashin sabon gwaji ne ya kai shi kabari da wuri ba, rashin tsohon ne. Gwajin ciwon hanta nau'in B ɗigon jini ne da minti 15. Rigakafinsa ya shiga jerin alluran yara a Najeriya tun 2004, kuma in aka yi wa jariri cikin awa 24 da haihuwa yana tare cutar daga uwa, amma ga yawan masu haihuwa a gida. Hoton ciki duk wata shida yana kama ƙari tun yana ƙarami. Shugabannin Afirka sun taru a Abuja a 2001 sun yi alkawarin ba lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi, Gwamnatin Tarayya ba ta taɓa kaiwa ba. Duk wanda ya ce a ɗebi kuɗin awon ciki a sayi injin karanta RNA, ni ce ta farko da za ta ƙi. Amma abubuwan biyu ba kishiyoyi ba ne, hanyarsu ɗaya. Ba za ka tara mutum dubu masu ciwon hanta ba sai ka fara gwada dubu goma sha biyu, kuma kowanne ya san matsayinsa, masu bukata su hau magani. Ba za ka ɗebi jinin mace a mako na 12 ba sai ka jawo ta awo da wuri, ka auna jininta, ka duba fitsarinta. Binciken da aka tsara da amana yakan bar asibiti fiye da yadda ya same shi, kamar yadda kuɗin yaƙi da HIV ya bar mana ɗakunan gwajin da muka jingina da su ranar korona.

Amana kuwa ita ce ƙashin bayan abin, musamman a Arewa. Ba mu manta da 1996 ba, lokacin sanƙarau a Kano, da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a bincike kan yara kusan 200. Yara 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba, kamfanin ya musanta laifi, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Tabon bai tsaya a nan ba, yana cikin abin da ya hura wutar ƙin allurar shan inna a 2003. Don haka in za a ɗebi jinin mutum a ajiye shekara goma, dole a zauna da shi a yi masa bayani da Hausa, ko Birom, ko Angas, ba a miƙa masa takardar Turanci a ce dangwala ba. Ya san me za a nema, wa zai gani, ina za a kai, kuma yana da ikon cewa a zubar. Ƙa'idar binciken lafiya ta ƙasa ta tanadi cewa ba a fitar da samfuri waje sai da yarjejeniya a rubuce, kuma tun 2023 muna da dokar kare bayanan mutane. A yi aiki da su. A sa malamai da limaman coci da ungozomomi a kwamitin tun daga farko, ba sai jita-jita ta tashi a je neman su ba. Kada kuma ɗanmu ya zama mai ɗiba da daskararwa kawai, wani a can ya karanta ya sa sunansa.

Akwai wani abu da nake tsoro fiye da jinkiri, shi ne 'yan kasuwa su riga masana isowa. Ko yanzu je ka wajen Taminus ko tashar mota, za ka ga mai kwamfuta a ƙarƙashin laima, ya ba tsohuwa wani ƙarfe ta riƙe, cikin minti biyu ya karanto mata ciwon ƙoda da hanta da sanyin mara, sannan ya buɗe jaka ya fito da maganin. Na ga matar da ta daina shan maganin hawan jininta saboda kwamfutar ta ce ba ta da shi. Ba talaka kaɗai ake yi wa haka ba. A Amurka, Elizabeth Holmes ta tara ɗaruruwan miliyoyin dala da alkawarin gano cututtuka barkatai daga ɗigon jinin yatsa, a 2022 kotu ta same ta da zamba, aka yanke mata fiye da shekara 11. Ranar da kalmar RNA ta shiga bakin masu talla, za a ga allunan tallan ɗakunan gwaji a Wuse da Rayfield suna alkawarin gano kansa iri hamsin. Ina roƙon NAFDAC da majalisar da ke kula da aikin ɗakunan gwaje-gwaje su tsaya tun yanzu a kan tambaya ɗaya ga duk mai son sayar da irin wannan gwaji: a jinin su wa aka gwada shi, mutum nawa, kuma sau nawa ya yi kuskure? Sakamakon ƙarya ba ƙaramin abu ba ne a gidan da za a sayar da gona saboda shi.

Bayan sadakar arba'in ɗin kawu na tara 'ya'yansa shida na gwada su. Biyar ba su da cutar, aka yi musu rigakafi. Babban, mai shekara 21, wanda ya gaji rumfar dankalin, yana da ita. Duk wata shida yakan zo ya zauna a kujerar ɗiban jini, ya naɗe hannun riga ya ce, "Yaya, a hankali dai." Nakan ɗiba a hankali, in wulwula nan take, ruwan ya fito garau kamar man gyaɗa, babu ja ko kaɗan. Ɗan kaɗan gwajin ke ci. Sau bakwai ke nan yana zuwa, kuma da an jera kwalaben nan bakwai a firiza da yardarsa, da su ne irin abin da mai bincike ke nema ido rufe. Babu shirin da zai karɓa, babu firizar da zan amince wa. In na gama rubuta sakamako, sai in rufe ragowar in jefa a jan bokitin da ake kaiwa wajen ƙonawa.